Makirufo Uku da Jitar Auta

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Shekara goma sha ɗaya ke nan da na fara jin maganar. Ranar walimar ajiye aikina ce a gidan rediyo. Direbanmu ya ja ni gefe, bakinsa cike da abinci, ya ce wai ana raɗe-raɗin a shekaruna uku na ƙarshe duk shirin da na haɗa sai Dogo, mataimakina, ya bi bayana a ɓoye ya rage masa kaifi kafin ya fita, wai don kunnena ya daina kama saman sauti. Na yi dariya har na ƙware. Ni da na shekara talatin da huɗu ina sauraron numfashin mutane, ni da nake gane mai karanta labarai bai karya kumallo ba tun daga gaisuwarsa. Na ce masa ya je ya kula da tayoyinsa. Ban san abin da ya tuno mini da zancen yau ba.

Auta ya biyo daga asibiti. Ƙanina ne, shekararsa sittin da ɗaya, amma Auta yake har gobe. Ya ajiye takardar a kan tebur a kife, ni ma ban juya ta ba. Ya ce an ba shi ranar ashirin da huɗu ga wata, za a yi masa tiyata a hannu. Ya daɗe yana kallon hannunsa na hagu, sannan ya ce:

"Yaya, ina so ka ɗauke ni a faifai kafin ranar. Kiɗa goma sha biyu. Ni kaɗai da jita."

Shekara arba'in yana kaɗa jita a bayan mawaƙa, ba shi da faifai ko ɗaya da ake jin sa shi kaɗai. Na ce, "Sai yanzu ka san kana da yaya mai sana'a?" Ya ce da can tsoron faɗana yake ji.

Kwana ashirin da ɗaya. Sun isa.

Talata, 4 ga wata, bayan azahar

Na je shagon Dogo. Yanzu kayan sauti yake sayarwa, ya yi tumbi, amma da ya gan ni ya miƙe tsaye kamar da. Wannan ya yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba.

Na ce masa ƙananan makirufon nan nake so, 'yan sirara masu tsawon biro da ake kira kwandensa, waɗanda sai na'ura ta ba su wuta ta cikin waya kafin su farka. Jitar katako ba ta son babban makirufo mai nauyin jiki, ta fi son mai saurin ji wanda zai kama yatsa tun kafin ya bar tsirkiya.

Ya ba ni aron uku. A gidan rediyo sunayen mata muke sa musu, don haka na raɗa musu a nan take: Azurfa, sabuwa fil tana ƙyalli, Baƙa, ba ta da wani ado, sai Tsohuwa, wadda na gane ta da lotsewar da ke wuyanta, don ni na yar da ita a wata ɗaukar waje shekaru da yawa da suka wuce.

Dogo ya ce, "Oga, Azurfar nan tana da baki. In jitar sabuwar tsirkiya gare ta, ka yi hankali."

Na ce, "Yaushe ka fara koya mini?"

"Ban fara ba, Oga. 'Yarka Malama tana gida?"

"An yi hutu, tana nan. Me ya haɗa ta da wannan?"

"Babu. A gaishe ta."

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Mun kwashe ɗakin ajiya. Barguna uku a bango, katifa a jingine da taga, agogon bango ya koma falo. Malama, 'yata, ta kawo kwamfutarta. Lissafi take koyarwa a sakandare, kuma a gida ma haka take duban kowa, kamar bai yi aikin gida ba. Ita za ta riƙa danna ja da kore, maɓallan ɗauka, ni ne mai kunne.

Na yaba wa duk wanda ya sa wa ƙofar gidan nan mai. Shekaru tana kuka kamar an taka wutsiyar kyanwa, yanzu shiru. Da ta ɓata mana ɗauka.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Yau aka yi gwaji, kuma an yi shi yadda ake yi.

Mutane sukan gwada makirufo ɗaya, su cire, su sa wani, su ce makaɗi ya maimaita. Shirme ne. Ba wanda ke kaɗa abu ɗaya sau biyu. Na jera kawunansu uku kafaɗa da kafaɗa, nisan tafin hannu biyu daga jitar, suna kallon inda wuya ya haɗu da jiki. Ba a saita ramin jita, nan iska ke taruwa, sai ka ji kamar ana magana a cikin tulu. Sannan na daidaita ƙarfinsu daidai wa daida, domin wanda ya fi ƙara shi kunne ke zaɓa ko da shi ne mafi muni.

Auta ya kaɗa minti biyu. Na sa abin kunne na saurara.

Tsohuwa: kauri, ɗumi, amma tana jan ƙafa. Kamar dattijuwa mai labari da daɗi da ba ta da haƙora.

Baƙa: kamar an lulluɓe jitar da bargo. Ban ga abin da ake yabo ba.

Azurfa: nan ne na ji ƙanina. Kowace tsirkiya ta fito da sunanta.

Na ce Azurfa. Malama ta karɓi abin kunnen, ta saurara, ta ɗan janye shi daga kunnenta kamar ya yi zafi.

"Baba, ba ka ganin ta yi tsini?"

"Tsabta ce. Ba ku saba da ita ba, kun girma da sautin waya."

Ta dubi Auta. Ya ce, "Duk wadda Yaya ya zaɓa."

A tatsuniyoyin kakarmu in 'yan mata uku suka fito, mai ƙyalli ba ta taɓa zama ta kirki. Na tuna da haka, na kuma tuna kakarmu ba ta taɓa ganin makirufo ba.

Na cire Tsohuwa. Baƙa na bar ta a gefen Azurfa a layi na biyu, 'yar rakiya, kamar yadda aka koya mana tun muna sababbi.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe goma sha biyu

Kiɗa biyu sun shiga. Hannun yana yarda da safe, kamar minti arba'in, daga nan sai ya fara nasa kiɗan dabam. Na ce na'ura ce ke bukatar hutu.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe goma na safe

Hannun bai yarda ba. Mun sha shayi.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe ɗaya

Na uku. Ya fito tun a karon farko.

Ina da doka: in na kunna na'ura ba a tsayar da ita sai an tashi. Ko an yi kuskure, ko an yi tari, ko na fita ban ɗaki. Mafi kyawun abin da na taɓa ɗauka a rayuwata ya zo ne lokacin da mai waƙa ya zaci an kashe. Malama ta ce ina cika mata kwamfuta da tarin Baffa. Na ce tarin ma tarihi ne. Auta ya ce to a sa shi a farkon faifan.

Laraba, 12 ga wata, bayan azahar

Na huɗu da na biyar. Saura bakwai, kwana goma sha ɗaya. Ina tafiya da lissafina daidai.

Butar shayin zamani ba ta da kirki. Ta da takan yi fito in ruwa ya tafasa, wannan sai dai Malama ta ƙwala mini daga tsakar gida cewa ta ƙone.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Matar Auta ta zo. Shekara talatin da aure amma Amarya nake kiran ta, ita kuma ba ta taɓa jin nauyin faɗa mini gaskiya ba, abin da ban roƙe ta ba. Na sa mata na uku a lasifika, na zauna ina jiran godiya.

Ta saurara rabin minti ta ce, "Yaya, wa ke wasa wuƙa a bayansa?"

Na ce wace wuƙa.

"Ga ta nan. Duk ya motsa hannu sai ta yi tsuwa. Har haƙorina."

Malama ta ce ƙarar yatsa ce in ya zame a kan tsirkiya, Azurfa tana ɗaga ta sama da kiɗan kansa. Ta juyo mini da allon kwamfuta ta nuna wasu tsinaye a can sama, kamar ƙayar kifi. Na ce allo ba shi da kunne. Ta ce, "Shi ya sa ba ya jin haushi, Baba."

Na faɗi wasu maganganu. Na ambaci shekara talatin da huɗu, sau biyu ina jin. Na ce wanda bai taɓa manna zaren kaset da hannunsa ba kada ya koya mini sauti a ɗakina.

Auta yana zaune yana murza yatsunsa. Ya ce, "Ku bar Yaya. Ni ban ji wuƙa ba."

Amarya ta dube shi, ta ɗauki jakarta.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe tara na safe

Malama ta ce kanta na ciwo. Ban san inda ake danna ja ba. Ba a ɗauka yau.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe tara na safe

Auta ya zo, hannun lafiya lau, mafi kyau a makon nan. Ya zauna da jita a cinya minti arba'in yana jiran mu. Ni ina falo, ita tana ɗaki. Ya kaɗa wa barguna, ya tafi.

Shekara talatin da huɗu.

Lahadi, 16 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Ba kowa a gida. Na je wurin ƙofar. Na buɗe, na rufe, na buɗe. Na ɗora tafina a kan ƙarfen ina turawa a hankali, yana karkarwa har gwiwar hannuna. Kyanwar maƙwabta da ke kan katanga ta kwantar da kunnuwa ta gudu.

Na shafa maƙalin ƙofar da yatsa. Tsatsa ce, busasshiya. Babu mai ko ɗigo.

Na daɗe a tsaye.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Na sauya shawara game da Azurfa, bisa dalilai na aiki.

Da safe na ƙwanƙwasa wa Malama na miƙa mata abin kunne. Na ce hannuwana biyu za su shagala da sandar makirufo, ita ta riƙe wannan. Ta karɓa da hannu biyu. Tarbiyyata ce, ko da a makare take zuwa.

Muka sake gwajin. Wannan karon ni ke tambaya. Ba a ce wa mutum "wanne ya fi daɗi", sai ya ba ka amsar da yake zaton kana so. Na ce ta rufe ido, ina sauya mata layi ba tare da ta san wace ce ba.

"Kina jin katako ko ƙarfe?"

"Ƙarfe."

"Yanzu fa?"

"Katako. Amma kamar yana ɗaki na gaba."

"Wannan?"

Ta ce, "Wannan Baffa ne. Kamar yana zaune a gabana."

Baƙa ce. Auta ya ce, "Ashe mai bargon." Na ce masa ya kula da tsirkiyarsa.

Daga nan aikin ya dawo hannuna. Ta ce akwai sauran tsuwa kaɗan. Na karkatar da kan Baƙa daga yatsunsa zuwa jikin jitar, faɗin yatsa biyu. Ta ce ta tafi, amma ƙasan ya kumbura. Na ja baya faɗin yatsa uku, na ɗaga ta sama da ramin. Ta buɗe ido ta ce, "Baba, me ka yi?" Ban gaya mata ba. Wannan ba ya cikin allo.

Na shida ya shiga. Saura shida, kwana shida.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe goma sha biyu da rabi

Na bakwai.

Da Auta ya tafi na tarar da Malama zaune a kan akwati, ido ja. Ta yi lissafinta: biyar na farko dukkansu da Azurfa aka ɗauka, ta gwada rage tsinin amma in wuƙar ta tafi sai ta tafi da rabin kiɗan. Babu kwanakin sakewa. Ta ce da ta yi magana da ƙarfi tun ranar farko. Ta ce da ba ta yi ciwon kan ƙarya ba.

Na bar ta ta kai aya, don malamai ba sa son a katse su. Sannan na ce ta buɗe na uku ta duba ƙarƙashin layin farko.

"Wannan layin na biyu da na rufe? Na zaci babu komai a ciki."

"Buɗe."

Ta sa abin kunne. Na ga kafaɗunta sun sauka.

Na ce, "'Yar rakiya ke nan. Ba a zuwa ɗauka da makirufo ɗaya, ko da ka rantse da shi. Wanda ya koya mini haka ya rasu kafin a haife ki."

Duk biyar suna nan a bakin Baƙa, kuma ni na ajiye ta a wurin da hannuna. Ta ce, "Kuma ka bar ni ina kuka?" Na ce na ga tana yin sa da kyau ne.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya

Na takwas da na tara. Amarya ta saurara ta ce mai wuƙar ya tashi daga unguwar.

Alhamis, 20 ga wata

Shayi.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe ɗaya

Na goma. Sau shida. Ban rubuta sauran ba.

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe goma sha biyu

Na goma sha ɗaya. Mai sanyi ne, yatsu kaɗan. Na dawo da Tsohuwa na ajiye ta can baya kusa da ƙofa ta kamo ɗakin. Malama ta ce ba ta ƙara komai ba, sai da na cire ta ta ce, "Mayar, mayar." Kowace da ranarta.

Lahadi, 23 ga wata, ƙarfe uku na yamma

Na goma sha biyu shi ne mai gudu, wanda yake rufe biki da shi. Da ni ne da tun makon farko aka ɗauke shi, amma ya ce sai ƙarshe.

Sau huɗu yana karyewa a wuri ɗaya. Na ga gumi a goshinsa, na ga yatsansa na uku yana makara. Na ce zan je in duba butar shayi, tun da ba ta da bakin kira. Na fita na ba shi minti goma, Malama ma ta biyo ni. Na'ura na tafiya.

Da muka dawo ya kaɗa shi daga farko har ƙarshe. A tsakiya yatsan ya yi tuntuɓe, ya tashi, ya ci gaba. Malama ta ce za ta iya ɗauko wurin daga wani karon ta manna, ba mai ganewa. Ya dube ni. Na ce a bar shi. Ya ce, "Ka ji mai sana'a."

Sha biyu. Ya sa jitar a akwatinta ya bar ta a nan.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Kujerun asibitin suna da sanyi.

Talata, 25 ga wata, ƙarfe goma na safe

Ya farka. Ya nemi ruwa, ya tambaya ko na mayar wa Dogo kayansa. Hannun a naɗe yake har gwiwa. Ba wanda ya tambaya ko zai sake kaɗa jita, likitan ma bai tsaya ba.

Alhamis, 27 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Na mayar da Azurfa da Tsohuwa. Dogo ya ce Baƙa ta zauna a wurina. Ya ce, "Ita ka zaɓa, Oga?" Na ce da wa zan zaɓa. Ya ce dama ya sani. Ya yi ta goge teburin da ba shi da datti, na yi ta kallon sa, muka rabu a haka.

Da na dawo na zauna da Malama muna yanke tari da jan kujera daga ɗaukar ranar Lahadi. Mun zo kan minti goman nan da muka fita. Ta kai hannu za ta share, na ce dokar ɗakin nan ba a share abin da ba a saurara ba. Ta miƙo mini abin kunne.

Da farko numfashi ne. Sai kujera ta matso. Sai muryarsa, kusa ƙwarai, ya sa baki a makirufo yadda na sha hana mutane yi.

"Yaya, na san ba ka kashe ba, ba ka taɓa kashewa ba. Maganar direban nan gaskiya ce. Ni na roƙi Dogo ya riƙa bin bayanka, kada ka riƙe shi. Ka ƙarasa aikinka da mutuncinka, haka nake so. Da ka zaɓi mai ƙyallin na ji wuƙar sarai, na ce in ma da wuƙa za a ji ni, a ji, in dai kai ka ɗauka. Ba wanda ya san inda ake ajiye makirufo kamarka. To, ka dawo haka nan, shayin ya isa."

Na sa ta mayar sau biyu. Ba don ban ji ba. Muryar mutum a tsakiyar sauti take zaune, ba a samansa ba, nan kuwa ba a taɓa mini komai ba. Kuma ko da ya cusa baki haka sautin bai fashe ba, domin na bar wa layin sarari tun da safe. Na nuna wa Malama wannan. Ta ce ta gani, Baba.

Ta tambaya a yanke ko a bari. Na ce faifan kiɗa goma sha biyu ne, haka mai shi ya ce. Wannan ta ajiye mini dabam.

Gobe zan kai masa ya saurara, kuma zan sa wa ƙofa mai, saboda kyanwa.

Direba ya faɗa mini da bakin cike da abinci, ban yarda ba. Dogo ya kewaya, Amarya ta faɗa da wuƙa, Malama ta nuna a allo, ƙofar gidana ta faɗa mini a tafin hannu. Wanda ya faɗa mini na ƙarshe Auta ne, ranar Lahadi da hantsi, ta bakin Baƙa, a ɗaukar da na yi da kaina. Ta fito tsaf.